Fuskar Baba a Bakin Famfon Umdurman

Jikokina a unguwar Sintali ta Jalingo sukan ɗauke ni hoto da waya tun ban gama gyara hula ba. Kafin in ce a dakata an ɗauka, an duba, an ce bai yi kyau ba, an goge. Ni dai dariya nake yi, domin akwai hoto guda da na ɗaura a ƙirjina na ratsa ƙasashe uku da shi, ina gudun kada ya goge kansa.

Hoton mahaifina ne. Wani mai hoto ɗan yawo ya ɗauke shi ran kasuwar Iware, da akwatin katakon nan mai ƙafa uku da ake kira jira-ka-karɓa, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Lokacin ana da cikin ƙanwata Dudu. Mahaifiyarmu, Dada, ta ɓoye hoton a ƙarƙashin kwanukan jerenta, ba wanda ya sake ganinsa. Dada Bafulatana ce ta sosai: ba ta ambaton sunan mijinta, ni kuma da nake ɗan fari ba ta taɓa kiran nawa ba. Sai da na zama saurayi ina bin masu hoto a Jalingo, wata safiya na tarar da ƙyalle a naɗe kan tabarmata. Ina buɗewa na ji ta a tsakar gida tana ce wa Dudu, da muryar da za ta iso ni:

"Ki gaya wa wancan, mutumin nan yana shirin tafiya karo na biyu."

Takardar ta yi rawaya kamar an jiƙa ta da shayi. Hula tana nan, kafaɗa tana nan, fuska kuwa ta zama hayaƙi. Dudu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita hula kawai take gani. Masu hoton garinmu duk suka ce wannan ya fi ƙarfinsu. Abin da ya fitar da ni ke nan.

A Garwa, cikin Kamaru, na fara yada zango. Na kama aiki wurin wani mutumin kudancin ƙasar, Musye Toma, wanda ke kafa akwatinsa a ƙarƙashin darbejiya kusa da tasha. A hannunsa na koyi Faransanci da zagi da aikin jira-ka-karɓa, duk a lokaci guda. Akwatin nan ɗakin duhu ne sukutum. Ka zura hannu ta baƙin hannun riga da aka ɗinka masa, ka saita takarda a ciki da lalube, ka zare murfin idon akwatin ka mayar. Sai ka tsoma takardar a ruwan fito da hoto, ka tsoma a ruwan tsaida shi, duk a cikin akwati. Abin da ke fara fitowa juyayye ne: baƙar fuska fara fat, farar hula baƙa ƙirin. Sai an sake ɗaukar wannan juyayyen sannan mutum ya dawo mutum. Musye Toma ya hana a nuna wa kowa na farkon, tun ranar da wani mahauci ya ga nasa ya rantse an mai da shi fatalwa, ya bi shi da wuƙa har bakin kogi.

Mutanen Garwa ba sa tsayawa gaban akwati hannu sake. Muna da rediyon da ba ya magana, da agogon da ya tsaya, da keke mai taya ɗaya lafiyayya, kowa da wanda yake aro. A garinmu mutum yakan ɗaure fuska kamar an kai shi gaban alƙali. A can kuwa har ƙafa ake ɗorawa kan feda.

Da na ga mun saba, sai na nuna wa Musye Toma hoton Baba. Ya gwada sake ɗaukarsa da akwati, abin da ya fito farin gajimare ne da hula a kai.

"Ɗan Nijeriya," in ji shi, "hoto ma tsufa yake yi, kamar ni da kai. Ka ga nawa na bara? Ga su can sun fara. Sai dai ko Injamena, an ce akwai magungunan Turawa."

Ya ba ni tsohuwar rigar ruwansa da gwangwanin taba mai murfi. A ciki na sa hoton, na liƙe bakin da kakin kyandir.

A Injamena aka cuce ni, kuma da Fulatanci aka cuce ni, shi ya sa abin ya shige ni. Ina yawon tambaya a kasuwa sai wani mai rawani da baƙin tabarau ya ji harshena, ya rungume ni, ya tambayi lafiyar shanunmu ɗaya bayan ɗaya kamar tare muka yi kiwonsu. Na yi watanni ban ji gaisuwar gida ba. Kafin shayi ya huce na zazzage masa cikina duka. Ya girgiza kai, ya ce Allah ne ya haɗa mu. Akwai wani ruwa da sojojin Faransa ke farfaɗo da hotunan matattunsu da shi, kuma saura kwalba ɗaya a garin. Na tuɓe babbar rigata ta Sallah na ba shi.

Allah ya taimake ni da tsoro. Maimakon in tsoma hoton duka kamar yadda ya ce, sai na ɗiga ɗigo ɗaya a gefe da tsinke. Ina kallo kunnen Baba na hagu ya narke, wurin ya koma fari tas. Ruwan cire dauɗar tufafi ne. Na koma kasuwa a guje, mai shayi ya ce ai mutumin nan jiya Balarabe ne, shekaranjiya Babarbare.

Na zauna a bakin kogin Shari ina tunanin komawa gida. To in koma in ce me? Na fita da mutum mai kunne biyu, in dawo da shi da ɗaya? Sai na nufi gabas, domin direbobi sun ce a Sudan akwai shagunan hoto tun zamanin kakanni.

Hanyar Abeshe da damina ba hanya ba ce, addu'a ce. Muna saman babbar mota kan buhunan albasa, mu da masu zuwa hajji ta ƙasa da awaki. Duk kwarin da muka iske cike da ruwa sai a sauka a jira ya janye, wani lokaci har abincinmu ya ƙare. Ruwan sama in ya sauko kowa kansa yake rufewa, ni kuwa ƙirjina nake rufewa, har aka sa mini suna Mai Ciwon Zuciya. A hanyar nan na tsinci Larabcin Chadi, wanda daga baya mutanen Sudan suka yi ta yi wa dariya. Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce. Duk sanda muka wuce garken shanu da yamma, ƙanshin hayaƙin ruga ya bugo ni, sai in ga duwatsun Jalingo a gabana, in juya fuska kada a ga idona. Kuma duk sanda na fasa kakin na leƙa, sai in ga Baba ya ƙara nisa.

A Niyala, cikin Sudan, inda layin dogo ya fara, na faɗi da zazzaɓi a bakin tasha. Wata tsohuwa mai sayar da kisra, wato wainar dawarsu mai faɗi kamar faifai, ta sa aka ɗauke ni zuwa gidanta. Hajja Amna sunanta. Kakanninta daga Adamawa suka taso za su Makka da ƙafa, suka tsaya noma a hanya, noman bai ƙare ba har yau. Irinsu ake kira Fallata a can. Fulatancinta ya tsufa, irin wanda na ji a bakin kakata kawai. Ta yi ta ɗura mini kunu tana faɗa, wai wace irin uwa ce za ta saki ɗa siriri haka.

Ranar da na iya zama, na ɗaga kai na ga hoto a bangonta: wani mutum da rawani, baƙinsa baƙi, farinsa fari, har zaren gemunsa ana ƙirgawa.

"Hajja, bana aka ɗauki wannan?"

"Bana? Mijina ne, tun kafin in haifi uban waɗannan yaran. A Umdurman, wurin Girgis Bakibɗe. In yana raye, can za ka."

Ta cusa mini kisra da busasshen nama a jaka, ta gargaɗe ni kada in hau rufin jirgi. A rufin na hau, domin cikin ba wurin sa ƙafa.

Shagon Ammu Girgis yana wani lungu bayan kasuwar maƙeran zinariya. Ammu shi ne baffa da Larabci, kuma kowa haka yake kiransa, Musulmi da Kirista. Tsoho ne gajere mai tumbi, yatsunsa sun rine da magani. Na gaishe shi da Larabcina na saman mota, ya yi dariya har da tari. Sannan na fasa gwangwani. Dariyar ta tsaya. Ya kai hoton bakin taga, ya juya shi, ya shinshina, ya taɓa gefensa da harshe.

"Wa ya ci kunnen?"

Na ba shi labari.

"Ya Fallati, kai da mai rawanin duk ku zo in yi muku bulala. Akwai sauran mutum a cikin takardar nan. Amma ba na taɓa uban wanda bai iya share shago ba. Ga tsintsiya."

Ban taɓa jin daɗin bauta irin wannan ba. Shagon rabinsa wurin aiki ne, rabinsa makabartar kayan hoto, kuma Ammu ba ya iya shan shayi sai da labari. Ya nuna mini wani ƙarfe mai tsayin mutum da baki kamar awartaki. Ya ce a farkon sana'ar, da shi ake maƙale ƙeyar mutum, domin sai an daɗe murfi a buɗe kafin haske ya kama, in ka motsa ka zama hayaƙi. Shi ya sa mutanen da ba sa murmushi a hoto, ba wai baƙin rai ba ne, wuya ne ke ciwo. Ya ciro wani ɗan faranti na tagulla da aka shafe da azurfa, sai ka karkata shi sannan wata mata ta bayyana a ciki kamar a madubi. Ya ce irinsa aka fara yi, guda ɗaya tak, ba a sake bugawa. Bayansa aka koma gilashi, wanda dole a shafa masa magani a ɗauka a wanke tun yana jiƙe, har masu hoto suka riƙa yawo da tanti a bayan raƙumi. Takardar bugawa kuma da farin ƙwai ake shafe ta.

"Ka ga kakanninmu a sana'a, ya Fallati? Rabinsu masana, rabinsu kaji."

Ya ce masu zane da buroshi sun daɗe suna raina masu hoto, wai akwati ke aikin, mutum murfi kawai yake zarewa. Haushin haka ya sa wasu suka riƙa dushe hotunansu da gangan don su yi kama da zane. Shi bai yarda da wannan ba. Fasaharsa a taga take. Yana da labule uku a jikinta, kuma yakan zaunar da mutum ya yi ta jan wannan yana sakin wancan, yana masa hira, har hasken ya kwanta a kumatu yadda yake so. Ba rediyon aro, ba keke. Musye Toma yana ɗaukar abin da mutum yake so a ce yana da shi. Ammu yana jira sai mutum ya manta da kansa. Ya kuma koya mini cewa baƙar fata ba ƙarin haske take so a watsa mata ba, farin zane take so a gefe ya mayar mata da shi a hankali.

Abu ɗaya ne ya dame ni da tsohon: mantuwa. A bayan shago akwai kwatami da famfo, kuma kullum sai in tarar ya zuba hotuna a ciki ya bar ruwa yana ta zuba, ya tafi shan shayi. Ni da na tashi inda da rani ake tona yashin kogi a jira ruwa ya tsatso, inda Dada ke wanke ƙwarya da ruwa ta ba maraƙi sauran, ƙarar nan har cikin haƙorina nake jin ta. Sai in lallaɓa in rufe a ɓoye, don kada in kunyata babba. In ya dawo ya tarar a rufe, sai ya tsine wa masu ruwan gari, ya sake buɗewa.

Wata safiya ya ce in kawo ubana. Ya kafa hoton gaban babbar kyamara mai jiki kamar zugazugin maƙeri, ya sa wani shuɗin gilashi a bakin idonta. Ya ce ta cikin shuɗi, rawaya baƙi take zama, abin da ido ya daina gani gilashi zai gani. Muka shiga ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila. Da ya ɗaga farantin gilashin daga magani, ga ido biyu, ga hanci, ga tsagar goshi. Na ce "Baba" da ƙarfi, kamar zai amsa.

Saura kunne. Da gilashin ya bushe, Ammu ya fere fensir har ya yi tsinin allura, ya ce in zauna a bakin taga in juya.

"Kunne gadon gida ne. Kada ka motsa, ko in kawo ƙarfen nan."

Ya yi ta ɗiga fensir yana kallona, har wuyana ya ƙage. Sannan ya buga hoton a babbar takarda, ya tsoma a ruwan tsaidawa, ya kai kwatami, ya tafi shayinsa. Na tsaya ina kallon Baba a ƙarƙashin ruwa, ruwa yana ta zuba a banza. Hannuna ya kai kan famfo.

"Kai! Ashe kai ne!"

Yana bakin ƙofa da kofi a hannu. Na fara bayani: ruwa ni'ima ce, almubazzaranci babu kyau, ban so in faɗa masa yana mantuwa ba.

"Mantuwa! Wata nawa ina zagin bayin Allah masu ruwa, har na je ofishinsu na yi rashin mutunci!" Ya buɗe famfon, ya tsamo hoton, ya miƙo mini gefensa. "Lasa."

Na lasa. Wani ɗanɗano ne mai bauri, kamar ka tsotsi ƙarfe.

"Wannan shi ne gishirin da ke tsaida hoto. Kafin a gano shi, hotuna baƙi suke komawa da an fito da su rana. Shi ke ba hoto rai. In kuma ka bar shi a cikin takarda, shi ke cinye ta a hankali. Mai akwatin da ya ɗauki ubanka a ina ya wanke?"

Na tuna bokitin Musye Toma, bokiti ɗaya tun safe har magariba. Na tuna na masu hoton Jalingo.

"A bokiti."

"To bokitin ne ya kashe shi. Ka ƙetare ƙasashe kana neman magani, ga maganin kana ta rufe shi."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ni ma na bi shi. Ranar a bakin kwatami na wuni, hannuwana a hammata don kada su ci amanata, ina lasar gefen takarda lokaci lokaci har ta koma ɗanɗanon ruwa zalla. Ammu ya riƙa kiran maƙwabta su zo su ga Bafallacen da ya fi ƙarfin hukumar ruwa.

Na ƙara watanni a wurinsa. Ranar sallama ya ba ni tsohon idon kyamara a naɗe cikin safa, ya ce in na isa ƙasarmu in nemi ruwa mai tafiya. Haka na yi. Shekarun da na yi ina sana'a a Jalingo, da damina a kogi nake wanke hotuna cikin kwandon kamun kifi, da rani in yi ta sauya ruwa a kwano ina ba shukokin gida. Na ga shagunan hoto a Makka da Legas da Kumasi bayan nan, ban ga wanda ya kai tsohon nan sanin taga ba.

Da hantsi na shiga gidanmu. Dada tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kai kan rariya, ta ce wa Dudu a ba baƙo ruwa. Amma garin da take tankaɗewa a ƙasa yake zuba, ba a ƙwarya ba.

Na jingina hoton a jikin turmi na yaye ƙyallen. Dudu ta durƙusa a gabansa. Ta taɓa hancinsa ta taɓa nata, ta fashe da kuka, ta koma dariya, ta ruga ta kira maƙwabta. Kafin azahar gidan ya cika. Tsofaffin da suka yi kiwo da shi suna ta salati, wani har ya gaishe shi ya tambayi shanu. Dada kuwa ta ba hoton baya, ta ce a ɗauke mata wannan abu daga hanya, tana da aiki. Dudu ta kai shi ɗakin Dada ta rataye, ba a ce ta sauke ba.

Washegari muna karyawa, ni da Dudu, sai Dada ta fito da ƙwaryar nono. Ta ajiye, ta tsaya tana gyara faifai, ta ce wa Dudu:

"Wanda ya yi abin nan bai san mutumin ba. Kunnen hagu ba nasa ba ne. Nasa ƙahon saniya ya taɓa tsaga shi."

Na sunkuyar da kai. Dudu ta dube ni, ta dubi kunnena, ta toshe baki.

"To na wane ne, Dada?"

"Na wancan ne. Tun yana jariri haka ya lanƙwashe a sama."

"Sai a mayar da shi Sudan a gyara ke nan," in ji Dudu, tana ƙunshe dariya.

Dada ta ɗauki faifanta ta nufi ɗaki. Sai da ta kai bakin ƙofa ta amsa, ba ta juyo ba.

"A bar shi. Duk na gida ne."